Wasiƙa a buɗe ga 'yan'uwanmu masu aikin famfo da bututun gas a New York

Ina muku fatan alheri, musamman matasanmu 'yan Ghana, Nijar da Najeriya da ke Bronx da Harlem, waɗanda ke koyon wannan sana'a a ƙarƙashin masu lasisi.

Dokar birni mai lamba 152 ta 2016 ta buɗe muku kasuwa. Tun daga 2020, duk mai gini, ban da ƙananan gidajen iyali ɗaya ko biyu, dole ne ya sa a duba bututun gas ɗinsa sau ɗaya a shekara huɗu, unguwa-unguwa bisa jadawalin Hukumar Gine-gine. Babban mai aikin famfo mai lasisi ne ke dubawa, ko wanda ya horu a ƙarƙashinsa. Ku ba mai gida rahoto cikin kwana 30, shi kuma ya kai wa hukuma takardar shaida cikin kwana 60. Wanda ya yi sake, tarar da za ta iya kai dala 5,000 na jiransa.

Sai dai ku tuna abin da ya haifi dokar. A Maris 2014 gas ya tashi da gine-gine biyu a gabashin Harlem, mutum takwas suka rasu. Bayan shekara guda, a East Village, wasu suka jawo gas ta ɓarauniyar hanya daga ginin maƙwabta, suka ɓoye aikin a bayan ƙofa a ɗakin ƙasa. Mutum biyu suka mutu, gine-gine uku suka rushe. A 2019 kotu ta kama mai gidan da ɗan kwangilarta da wani mai aikin famfo marar lasisi da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure su. Har da wani mai lasisi aka gurfanar, domin takardun da ya sa wa hannu a kan aikin da ba shi ya yi ba. Wannan na ƙarshen ne ya sa na rubuto muku.

Ranar da na'urarku mai gano gas za ta yi ƙara a ɗakin tukunyar ɗumama gida, ko ku ga tsatsa ta cinye bututu a kusa da mita, mai gida zai ja ku gefe. Ya san in kamfanin gas ya rufe layi, za a iya yin makonni, wani lokaci watanni, 'yan haya ba su dafa abinci ba. Zai ce ku rufa masa asiri, gobe-gobe za a gyara. In ɗan gida ne, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, abin ya fi nauyi, domin kunya ta shigo. To, doka ba ta bar muku zaɓi ba: abin da ke da haɗari, nan take ake sanar da mai gida da kamfanin gas da hukuma. Matsalar da ba ta gaggawa ba ce ake ba kwana 120 a gyara.

Kada ku sa hannu a kan ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓata. Ku bi bututun da ido tun daga inda ya shigo gini, kuma kada ku dogara da hanci kaɗai, warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ake zuba wa gas yakan dushe. In kun ga tiyo ko reshen da bai bi ta mita ba, ku ɗauki hoto ku rubuta. Ku kuma yara masu koyo, in maigidanku ya cika takarda yana zaune a mota, ku nemi wani maigidan.

Don Allah ku riƙe amanar masu barci a benayen sama. Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a sana'a.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Bronx