KADA A SAKE WA MACIJIYAR KUSUGU SUNA

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, yau maganarmu a kan suna ce. Wani zai ce, ina ruwan mai neman abin tuwo da sunan dodo? To, a saurara, domin wanda ya raba ka da labarin kakanninka yau, gobe da gonarka zai raba ka.

A ƙasar Amurka, a jihar Fulorida, kamfanin Disney yana da wani makeken filin wasa. A shekarar 2006 suka buɗe wani jirgin wasa mai gudu a kan dogo, yana ratsa dutsen da suka gina da hannu, suna kiransa Expedition Everest. A cikin dutsen sun kafa siffar wani dodo wanda mutanen duwatsun Himalaya suke ba da labarinsa tun kaka da kakanni. Masu shi suna kiransa Yeti. Amma a 1921, sa'ad da Turawan Ingila suka fara leƙen dutsen Everest, wani ɗan jarida a Kalkata mai suna Henry Newman ya juya maganar 'yan dakonsu ba daidai ba, ya laƙaba wa dodon wani suna na Ingilishi, watau ƙazamin mutumin ƙanƙara. Sunan nan ya bi duniya, har shi Disney ɗin da shi ya kira dodon da ya sa a tsohon filinsa na Kalifoniya a 1978. Da suka tashi gina sabon, sai suka aika ma'aikatansu Nepal, suka ji daga bakin masu labarin, suka mayar masa da sunansa Yeti.

Ba yabon attajiran Amurka ya kawo mu ba, kuɗi suke nema. Amma in har mai neman riba ya gane cewa sunan da masu abu suka raɗa shi ne suna, mu fa?

Mu ma muna da namu. Duk wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Dambatta da Kazaure zai isa Daura, inda rijiyar Kusugu take har yau, an yi mata gini, baƙi suna zuwa kallo. Labarin da muka gada ya ce wata macijiya ce ta zauna a cikinta, ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajida ya zo da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sauka a gidan wata tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu. Ya ɗauki guga ya tafi rijiya da dare, ya sare kan macijiyar. Ya auri Daurama, suka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa suka yi sarauta a ƙasashen Hausa, har da Bagauda na Kano.

To, mene ne sunan macijiyar nan? Sunanta Sarki. Shi ya sa aka yi wa Bayajida laƙabi da Makas-Sarki. Jama'a, a tsaya a nan a yi tunani. Mutanen da ba su rasa sunaye ba. Suna da kububuwa, suna da kumurci, suna da kasa. Amma abin da ya hau bakin rijiya ya hana talaka shan ruwa sai ranar da ya ga dama, suka ce Sarki. Magana jari ce, kuma sun bar mana ita a dunƙule.

Kowace Sallah yaranmu na Bichi da Kunchi da Tsanyawa suna shiga birni da ɗan barka da sallarsu, su je gidan zu, su hau lilo. Hotunan da suke tararwa a wuraren wasan nan galibi na ɓerayen Turawa ne da agwaginsu. Ran da wani attajiri ko gwamnati za su gina wa yara wasan rijiyar Kusugu, mu ne za mu fara yin marhabin. Amma muna da sharuɗɗa.

Na ɗaya, a rubuta sunanta Sarki da manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Kada a ce mata dodo kawai don gudun ɓacin ran manya.

Na biyu, macijiya ce a cikin rijiya. Kada a yi mata fukafukai da aman wuta irin na dodannin Turawa don a burge baƙi.

Na uku, kada a manta da Ayana da maƙeran Gaya. Ba don masaukin tsohuwa da aikin maƙeri ba, da baƙo bai kashe komai ba. A tambayi tsofaffin ƙauye yadda suka ji labarin, ba fada kaɗai ba.

Na huɗu, kuɗin shiga ya zama wanda ɗan mai tallar gyaɗa zai iya biya. In ba haka ba, an kashe macijiya a rijiya an raya ta a bakin ƙofa.

Waɗansu za su ce wannan cin mutuncin sarauta ne. Ko kusa. Ba mu muka raɗa sunan ba, gadonsa muka yi. Shugaba adali ba shi da abin tsoro a labarin nan, tunda shi kansa wanda ya buɗe rijiyar sarauta aka ba shi. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Macijiyar nan ta sha sake fata. Iyayenmu sun gan ta a rigar haraji da jangali da aikin tilas na zamanin En'e. Suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, suka sha ɗauri da bulala tare da Malam Aminu Kano, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Yau kuwa a duba wanda yake zaune a kan takin zamani da damina, da wanda ya ci kuɗin rijiyar burtsatse ya bar mata da yara da tulu a ka cikin rani. Yaron da ya san sunan macijiyar Kusugu ba zai kasa gane ta ba, kowace riga ta sa.

Saboda haka a gaya wa yara labarin a zaure da rumfar kasuwa, a faɗi sunan yadda yake.

Allah ya ba mu sawaba. Amin.