An Gyara Balad, To Ina Labarinmu A Ciki?

Yau Jidda za mu leƙa, tsohuwar unguwar nan da ake kira Balad.

Wanda ya san wurin a da, ya san yadda ya lalace. Bayan an rushe ganuwar birnin a 1947, kuɗin mai suka shigo, masu hali suka koma sababbin unguwanni. Gidajen dutsen murjani masu tagogin katako da ake kira rawashin suka zama gidajen haya na talakawa baƙi, wasu suka ruguje, wasu gobara ta cinye.

Yanzu kam abin ya canza. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya. A 2021 aka yi bikin fina-finai na Bahar Maliya karo na farko a can, sannan a 2024 aka buɗe gidan fasahar teamLab. Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, yau wurin ziyara ne. Gaskiya ni wannan ya burge ni. Tsohon gida idan ba a shiga ana fita, mutuwa yake yi.

Amma fa akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a Jidda, irin su Sabil, Ghulail da Karantina, inda baƙi 'yan Afirka suka daɗe da zama, har da namu. Ƙungiyar Amnesty ta ce diyyar da aka tsara ba ta haɗa da baƙi ba. Wato ana gyara bango a nan, can kuma mutanen da suka san labarin garin sun watse.

Jama'a, ta Jidda kakanninmu da yawa suka bi zuwa Makka. Wasu da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan, shekara da shekaru suna tafiya, kafin su ƙetare teku. Sunan Hausawi da kuke gani a bayan rigar 'yan ƙwallon Saudiyya ai ba daga sama ya faɗo ba.

To wa zai ba da wannan labarin idan ba mu ba? Kowa yana da waya a hannu. Ka zauna da kakarka, ki zauna da kakanki, ku ɗauki muryarsu: ta ina suka bi, a wace unguwa suka sauka, wace sana'a suka yi. Masu zane su zana, masu fim su haɗa ɗan gajeren fim su aika wa bikin. Kada ku ji kunyar Hausarku ko da ta gauraya da Larabci ko Turanci.

Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi, don haka a fara cikin makon nan. Wanda ya samo wani abu ya aiko mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.