Dokin Maigida Da Tukunyar Uwargida

'Yan'uwana mata, yau filin namu zai tattauna ne a kan wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a tsakar gidaje daga Madobi har Kura da Bunkure, watau sha'awar da ke cin kuɗi ba ta mayarwa. Babban misalinta a wajenmu shi ne dokin kilisa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar nan ta samu noma biyu a shekara. Da damina a yi shinkafa, da rani a yi tumatir da albasa da alkama. To, kuɗin noma irin wannan a dunƙule yake zuwa, kuma kuɗin da ya zo a dunƙule shi ne mai ruɗin mutum. Maigida ya sayar da amfanin gona, ya ga aljihu ya yi nauyi, sai ya tuna maƙwabcinsa ya ɗaure doki a ƙofar gida.

Ba muna kushe doki ba ne. Hawa gadonmu ne, har ma hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Amma sayen doki sau ɗaya ake yi, ciyar da shi kuwa kullum ne. Yana son dawa da dusa da harawa da kanwa, ga magani, ga ladan yaron da ke share masa wuri, ga sirdi da linzami da likkafa da sauran kayan ado. Ku lura, dawar da zai ci ita ce dai wadda za a kai inji a yi tuwon yara. Kuma ko an hau shi ko ba a hau ba, sai ya ci. A 2024 da 2025 'yan sanda sun hana hawan salla a birnin Kano saboda rikicin sarauta, amma ba a ji dokin da ya yi azumi don haka ba.

Abin da ya sa maganar ta zama tilas shi ne noman kansa ya ƙara tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 nan take, a 2024 ma ta kai wajen naira 1,000. Manomin da gonarsa ba ta kusa da magudanar ruwa da inji yake ban-ruwa, injin kuwa fetur yake sha. Taki da ƙwadago su ma sun tashi. Ga shi noma ba shi da tabbas. Waɗanda suka noma tumatir a Kadawa ba su manta da tsutsar 2016 ba, wadda ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki. Wanda ya zuba ribar bana a kan doki, da me zai shiga gona baɗi in irin haka ta sake faruwa? Sai bashi. In bashi ya yi yawa, sai jinginar da gona. Daga nan abu na farko da akan taɓa shi ne kuɗin makarantar 'ya mace.

Amma kada mu nuna maza da yatsa mu manta da kanmu, domin mu ma muna da namu dokin, watau anko. Mace ta yini gaban wuta tana turara shinkafa, hayaƙi ya cika mata ido, ta ɗauki adashi, sai ta juye shi duka a kan leshin da za ta ɗaura rana ɗaya. Iyayenmu da suka tara kwanonin jere sukan sayar in ta ɓaci. Leshin da aka riga aka ɗinka kuwa, nawa za a taya shi?

Shawararmu a nan guda uku ce. Ta farko, a ware kuɗin iri da taki da fetur da na makaranta tun ranar da aka sayar da amfani, abin da ya saura shi ne na sha'awa. Ta biyu, in maigida hawa yake so, hayar doki ta yini ɗaya ta fi ciyarwar shekara sauƙi. A gaya masa haka cikin ladabi, lokacin da ransa ke sanyi, ba a gaban yara ko kishiya ba. Ta uku, mai son kiwo ta sayi tunkiya ko akuya, su sukan haihu su biya abincinsu.

Ku kuma 'yan mata na makaranta, kada ku matsa wa iyaye a kan kowane anko don ƙawa ta yi. Kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa. Allah Ya ba mu ikon tsayawa daidai ƙarfinmu, amin.