Manomi, Koya wa Ɗanka Sanin Maciji



Damina ta faɗi, macizai sun fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tsoro kaɗai ba ya tsare yaro. Sani shi ke tsare shi.

Tun 1975 aka soma dashen itatuwan tare iska a kwarin Majiya. A 1984 aikin Keita ya fara jera duwatsu don tare ruwa. Ƙasa ta farfaɗo, mun gode Allah. To amma ƙarƙashin dutse da inuwar itace, nan maciji ke laɓewa. Nan kuma ƴaƴanmu ke wasa.

Shawararmu ita ce: ranar da za ka gona da iyali, ka mai da tafiyar makaranta. Nuna masu kububuwa, ƴar ƙarama mai goga jikinta tana ƙara. Dafinta na hana jini daskarewa. Nuna masu kasa, mai kauri, mai kwanciya bisa hanya. Nuna masu kumurci mai fesa dafi a ido. In kana da salula, tsaya nesa ka ɗauki hoto. Da dare a duba tare a gida. Kada yaro ya matsa, kada ya sa hannu rami, kada ya ɗaga dutse da hannu.

Wani zai ce, a kashe duka a huta. A'a, ɗan'uwa. Mesa ba ta da dafi, ɓeran da ke ɓarnar hatsinka take ci. Damo sarkin haƙuri fara da kunama yake ci. Hawainiya ƙwari take kamawa. Mai kashe su ɓera da fara yake yi wa aiki. Kuma mutane da yawa garin kisan maciji aka sare su.

In tsautsayi ya auku, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A kwantar da mutum, a ɗauke shi a amalanke zuwa likita nan da nan. In akwai hoton macijin a nuna, zai taimaka. In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa.

Kai da ka yi yaƙi da jahilci, karanta wa maƙwabcinka wannan. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.