Kwaskwarima Ba Sata Ba Ce: Ra'ayina Kan Ayyukan Farko Na Tiësto

Wata gardama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Masu sauraron kiɗan Turai da ake kira tirans sun daɗe suna ja-in-ja a kan Tiësto, wani makaɗin na'ura ɗan ƙasar Holand. Wasu na cewa ayyukansa na farko su ne gwanintarsa, wasu kuma na cewa kayan aro ne kawai ya yi ado da su. Ni ina tare da kashi na farko, amma ba ido rufe ba.

Sunansa na yanka Tijs Verwest, an haife shi a garin Breda a 1969. A 1997 shi da Arny Bink suka kafa kamfanin faifai na Black Hole Recordings. A 1999 ya haɗa gwiwa da Ferry Corsten a ƙarƙashin sunan Gouryella. Mujallar DJ Mag ta sanya shi na ɗaya a duniya shekara uku a jere, daga 2002 zuwa 2004. A 2004 ɗin kuma shi ya yi kiɗa lokacin da 'yan wasa ke shigowa fili a bikin buɗe gasar Olamfik ta ƙasar Girka.

To, mene ne aikin da ake gardama a kansa? Kwaskwarima ce: a ɗauki waƙar wani, a warware ta, a sake ɗinke ta da sabon kiɗa. Misali mafi shahara shi ne waƙar "Silence" ta ƙungiyar Delerium ta ƙasar Kanada, wadda Sarah McLachlan ta rera. Ta asali waƙa ce mai sanyi, ta zaman tunani. A 2000 Tiësto ya ƙara mata sauri, ya ja ta har ta wuce minti 11. Yakan bar ganga ta yi ta bugu, can sai ya ɗauke ta, muryar mawaƙiyar ta fito fili, sannan ya dawo da kiɗan da ƙarfi. Wannan jinkiri da saki shi ne ruhin tirans. Muryar ta McLachlan ce, amma sanin inda za a sa mai sauraro jira, da inda za a sake shi, wannan aikin mai kwaskwarima ne.

Masu suka suna da hujja biyu. Ta farko, sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ya kai mai karatu, mu ɗaliban harshe bai kamata mu karɓi wannan da sauri ba. Ai mun karanta Magana Jari Ce, mun kuma san cewa Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai. Wa ya taɓa ce masa ɓarawo? Abin dubawa shi ne me mutum ya yi da abin da ya aro.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. An san cewa Tiësto ya yi aiki shekaru da dama da wani gwanin ɗakin haɗa sauti, Dennis Waakop Reijers, kuma a Gouryella ma yana tare da Corsten. Don haka yabon da ake jibga wa mutum ɗaya, na mutane ne da yawa. A nan na sallama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma adalci ne a riƙa ambaton waɗanda suka kama. Sai dai wannan hujja ta shafi rabon yabo ne, ba ta rage wa aikin kansa daraja ba.

Ban ce duk abin da ya taɓa ya yi kyau ba. Dubi "Adagio for Strings" da ke cikin kundinsa Just Be na 2004. Asalin kiɗan na Samuel Barber ne, ɗan Amurka, wanda ya tsara shi a 1936, kuma an san shi da kiɗan juyayi. Tiësto ya ɗauki amon ya ɗora a kan ganga mai tsauri, aka samu farin jini, amma a kunnena juyayin ya salwanta. Ga shi kuma Corsten ya riga shi yin irin wannan tun 1999. Kamar mai fassara ne da ya kawo kalmomi ya baro ma'ana.

Daga 2009, da kundin Kaleidoscope, ya fara juya wa tirans baya. A 2015 ya ci kyautar Grammy, ita ma da kwaskwarimar waƙar John Legend ce, "All of Me". Ashe sana'ar da ake raina masa ita ce ta ɗaga shi tun farko, ita ce kuma ta kawo masa lambar.

Shawarata ita ce, kafin ka yanke hukunci, saurari "Silence" ta asali, sannan ka saurari tasa. Haka malamanmu suka koya mana auna fassara: a ajiye matani biyu gefe da gefe. Wanda ke da wani ra'ayi, fili na nan a fitowa ta gaba. Wassalam.