RA'AYINMU: GUBAR JINI BA TA JIRAN A HAƊA KUƊIN ASIBITI

A duk inda Hausawa suke zaune a Kudu, kama daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege da Idi-Araba a Legas, har Ama Hausa ta Owerri, akwai maganar da ake yawan ji a wurin zaman makoki, wato ɗan zazzaɓi kawai mamacin ya yi na kwana uku, sai rai ya yi halinsa. Babu mai musun cewa idan kwana ya ƙare babu magani. Amma bai kamata wannan ya hana mu tambayar yadda zazzaɓin kwana uku zai kayar da magidanci mai jini a jika ba. A lokuta da dama abin da ke faruwa shi ne cutar da likitoci ke kira sefsis, wadda wasunmu ke cewa gubar jini, kuma muna ganin ya zama wajibi kowane gida ya san ta, ya kuma san haƙƙin da doka ta ba shi idan ta kama wani nasa.

Ita dai sefsis ba ta zuwa da kanta, kan wata cutar take hawa. Ƙwayoyin cuta sukan shiga jiki ta huhu, ko mafitsara, ko hanji kamar yadda taifod ke yi, ko mahaifa bayan haihuwa ko ɓari, ko kuma ta wani miki da aka raina. To a ƙoƙarin da jiki yake yi na yaƙar su sai ya wuce gona da iri, ya koma yana lalata kansa da kansa. Ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina yin fitsari, huhu ya kasa jan iska, hankali ya gushe. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an samu kamuwa da ita har miliyan 48.9 a duniya, mutum miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar, kuma kashi 85 cikin ɗari na masu kamuwar suna ƙasashe marasa ƙarfi ne da masu tasowa. A watan Mayu na 2017 ɗin ne kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan cutar.

Idan aka dubi sana'o'in mutanenmu za a ga ba mu da nisa da ita. Mahauci a kwata kullum yana cikin yanka da jini, ɗan dako da mai tura baro ba sa rabuwa da rauni a ƙafa, dattijo mai ciwon suga kuwa ƙaramin gyambo ya ishe shi. Ga kuma matanmu da har yanzu da yawansu a ɗaki suke haihuwa.

Alamomin ba sai mai ilimin boko ne zai gane su ba. Idan mara lafiya ya fara rikicewa, yana sambatu ko yana wani irin barci da ba a iya tashinsa sosai. Idan numfashinsa ya yi sauri har ya kai sau 22 ko fiye a minti guda. Idan ya wuni bai yi fitsari ba. Idan hannuwansa da ƙafafunsa sun yi sanyi yana ta gumi ko makyarkyata. Idan ya kasa tsayawa saboda jiri, to lamarin ya wuce na kemis. A lura kuma, ba dole ne jiki ya yi zafi ba, tsofaffi musamman jikinsu kan yi sanyi ne. Maijego da cikinta ke ciwo tana zubar da ruwa mai wari tare da zazzaɓi, kada a tsaya cewa zazzaɓin nono ne.

Abin da zai ba mutane mamaki shi ne, yawancin abin da ke ceton rai a sa'o'in farko ba mai tsada ba ne, kuma babban asibitin gwamnati na kowace ƙaramar hukuma ya kamata ya iya yin sa. Na farko allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ƙa'idojin ƙwararru na duniya da aka fitar a 2021 sun ce idan jini ya riga ya faɗi, ko kuma alamu sun nuna ƙarara sefsis ce, a ba da ita cikin awa guda. In da ɗakin gwaji a ɗebi jini tukuna, in babu kada a jira. Sai iskar oksijin ga wanda numfashi ya yi wa wuya, da ƙarin ruwa, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin mai tsanani yakan zo da kama iri ɗaya, kuma maganinsa allurar atesunet ce. Sannan a nemo tushen cutar a kawar da shi, a tsaga maruru a fitar da mugunya, a wanke mahaifa in akwai ragowar mabiyiya, a yi tiyata in hanji ya huje. Duk yawan allura ba za ta yi aiki ba matuƙar mugunya na kwance a ciki. 'Yan uwanmu da ke jihohin Edo da Ondo da Ebonyi kuma su tuna da zazzaɓin Lassa, wanda asibitin koyarwa na Irrua ya yi suna wajen kula da shi. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani a waɗannan wurare, a faɗa wa likita ya duba wannan.

Batun ƙarin ruwa yana buƙatar mu ɗan tsaya a kansa, domin mutanenmu sun ɗauke shi tamkar maganin kowace cuta, har ana kiran wani ya zo ya rataya leda a ƙusar ɗaki. Gaskiya ne mai sefsis yana buƙatar ruwa, ƙa'idojin 2021 sun ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo na nauyin mutum cikin awa uku na farko, wato kusan lita biyu ga mai nauyin kilo 60. Amma a birnin Lusaka na ƙasar Zambiya an yi wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2017, a kan manya sama da 200 masu sefsis da jininsu ya faɗi, yawancinsu masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Aka raba su biyu, aka ɗura wa rukuni ɗaya ruwa mai yawa da sauri, har lita huɗu, ɗaya rukunin kuma aka bar likitoci su yi yadda suka saba. Kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa suka rasu a asibiti, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 33. Ruwan da ya yi yawa yakan taru a huhu, kuma a inda babu wadatattun na'urorin taimakon numfashi babu abin da za a ceto mutum da shi. Saboda haka likitan kirki yakan sa ruwa kaɗan-kaɗan yana duba numfashi da fitsari da bugun jini, in jinin ya ƙi tashi ya koma ga allurar da ke ɗaga shi. Wannan ba aikin da za a yi a ɗakin haya ba ne.

Haka nan shan kafso barkatai, biyu yau uku gobe, shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. An ƙiyasta cewa a 2019 wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma.

Akwai kuma al'adar nan tamu ta cewa a kai shi gida. Mun san dalilinta, kowa yana son ya yi jinya a gaban danginsa, in ta Allah ta kasance a binne shi kusa da iyayensa. Sai dai daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma mai sefsis da aka ɗora a mota ya kwana a hanya babu allura babu oksijin an raba shi da sa'o'in da suka fi kowane lokaci muhimmanci. A fara kai shi asibiti mafi kusa, in ya farfaɗo sai a yi maganar tafiya.

To amma me ke hana mutane zuwa asibitin? Kowa ya sani, tsoron a ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa majinyaci, da tsoron wulaƙanci ga wanda ba ya jin Turanci ko harshen gari. A nan ne muke son masu karatu su buɗe kunne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa duk wani asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma dokar ba ta ware asibitin kuɗi ba. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan a ganinmu, musamman yadda darajar naira ta zube, amma doka doka ce. Sashe na 23 ya ce a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da harshen da yake fahimta gwargwadon iko, kuma kundin haƙƙin majinyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya sake jaddada waɗannan abubuwa biyu. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuwa ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Babu inda aka ce sai mai takardar shaidar zama ɗan asalin jiha za a ceta.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Dokar ba ta ce jinya kyauta ce ba, kuɗi za a biya daga baya, kuma sau da yawa ma'aikatan da ake yi wa tsawa su ma babu kayan aiki a hannunsu. Dokar 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗinsa domin jinyar gaggawa, kuma haƙƙin gwamnatoci ne su tabbatar kuɗin nan yana isa inda majinyaci yake kwance. Hayaniya a bakin ƙofar asibiti ba ta haifar da komai sai ɓata lokaci. Wanda aka ƙi karɓa ya rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya mayar da shi, ya nemi takardar turawa zuwa wani asibitin, ya wuce da majinyacinsa, ƙorafi ya biyo baya a rubuce.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari da su kafa asusun gaggawa a kowane zango, wanda za a iya cire kuɗi daga cikinsa da tsakar dare ba sai an jira taro ba. A zaɓi matasa biyu ko uku, har da mace saboda masu jego, waɗanda ke jin Turanci da Yarbanci ko Ibo, a liƙa lambobin wayarsu a ƙofar masallaci tare da lambar gaggawa ta 112 da sunan asibitin da ke karɓar majinyata dare da rana. Duk wanda ya raka mara lafiya ya tafi da kwalayen magungunan da aka riga aka sha, ya faɗi ranar da ciwon ya fara ba tare da ɓoye komai ba, sannan ya tambayi likita kai tsaye ko wannan sefsis ce, da kuma ƙarfe nawa za a yi allurar farko.