Sauyin yanayi: Me ya sa hasashen masana ba ya isa kunnen manomin Katsina?

A farkon kowace shekara, tun kafin iskar hunturu ta janye, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowace jiha, tsawon kwanakin da zai ɗauka, yawansa, da wuraren da ake fargabar zai ɗauke bayan an yi shuka. Daga bisani sai hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo baya da jerin wuraren da ambaliya ka iya shafa. Takardun biyu na ƙunshe da bayanin da zai iya ceton iri da taki, har ma da rayuka. Duk da haka, manomi a Kaita ko Mashi ko Mai'aduwa ya fi dogaro da abin da idonsa ya gani a gabas da abin da dattawan gari suka ce.

Ba za a ce Katsina ta rasa masana ba. Shugabanni biyu da suka jagoranci NiMet a jere, Farfesa Sani Abubakar Mashi daga 2017 da Farfesa Mansur Bako Matazu daga 2021 zuwa 2023, duk 'yan asalin jihar ne. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikin birni, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ga kuma kafafen da jama'a ke saurare, irin su Gidan Rediyon Jihar Katsina da Companion FM da Vision FM. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama wuri guda tsakanin mai ilimin da mai isar da shi.

Matsalar ta fara ne daga kalma

Kalmar "yanayi" a Hausa tana ɗaukar zafin yau da sanyin gobe, tana ɗaukar damina da rani, tana kuma ɗaukar halin da mutum ke ciki. Idan aka ce "sauyin yanayi" ba tare da ƙarin bayani ba, mai sauraro na iya zaton ana nufin shigowar bazara bayan hunturu, abin da ya saba gani tun yana yaro. Masana kuwa suna nufin gocewar da tsarin ruwa da zafi ya yi a tsawon shekaru talatin ko fiye, sakamakon hayaƙin man fetur da gawayin kwal da sare dazuka.

Haka batun saukar damina yake. A wurin masana, damina ba ta sauka da ruwan farko, sai ƙasa ta jiƙu yadda tsiro zai rayu. A wurin manomin da ya yi binne, ko ya ga maƙwabtansa sun fita da sungumi, ruwan farko mai ƙarfi ya isa. Idan ruwan ya ɗauke na mako biyu ko uku, kamar yadda NiMet ta sha gargaɗi game da jihohin arewa mai nisa a watannin Yuni da Yuli, sai tsiro ya ƙone, a koma neman iri a lokacin da ya fi tsada.

A 'yan shekarun nan hukumar ta fara fassara hasashen zuwa Hausa da wasu harsunan ƙasar, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai fassarar takarda ba ta amsa tambayoyin da manomi ke yi: wane mako zai shuka, wane irin gero ko wake zai zaɓa, yaushe zai zuba taki ba tare da ruwa ya wanke shi ba. Kuma Katsina ba ƙasa ɗaya ba ce ta fuskar ruwa. Yankin Funtuwa kan samu sama da milimita 1,000 a shekara, arewacin jihar kuwa bai cika wuce 600 zuwa 700 ba. Sanarwa ɗaya ga jiha baki ɗaya na iya ɓatar da manoman ɓangarorin biyu.

Akwai kuma batun amana. Hasashe ƙiyasi ne, ba tabbaci ba. Idan mai gabatar da shiri ya karanta shi kamar hukuncin kotu, ranar da ya saɓa sai jama'a su daina saurare. Wasu ma na kallonsa a matsayin iƙirarin sanin gaibu. A nan ne ake buƙatar malaman addini su bayyana cewa duba alamu ne, kamar yadda kowa ke ganin hadari ya kwashe shanya, kuma bin sababi ba ya kore tawakkali.

Darasin Jibiya

A tsakiyar watan Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya cika kogi ya afka wa garin Jibiya. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, har aka tsinci wasu gawarwaki a tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar. Al'ummar da ta taso da labarin farin 1973 da na 1984 ta saba tsoron ƙarancin ruwa, ba yawansa ba.

Masana sun riga sun hango wannan sauyi. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ma'anarsa ita ce fari da ambaliya na iya haɗuwa a damina ɗaya. Wannan bayani ne da ya kamata ya isa ga mai unguwa da mai sayar da fili da mai shirin gini a kan hanyar ruwa. Ya kuma kamata ɗan jarida ya san iyakarsa, don kada a ɗora wa sauyin yanayi laifin magudanar da aka toshe da shara, ko izinin ginin da bai kamata a bayar ba.

Abin da Maraɗi ta koyar

Misali mafi kusa na nasarar isar da irin wannan ilimi yana arewa da Jibiya. A farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoman Maraɗi ke sassabewa duk shekara suna da saiwa mai rai. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran, bishiya za ta dawo ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Dabarar ta samu suna cikin harshen mutane, "sassabin zamani", ta yaɗu daga gona zuwa gona. Nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram, ciki har da gawo mai ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Manomin ya karɓi dabarar ne saboda an gina ta a kan aikin da ya sani, kuma ya ga amfaninta a rumbunsa. Ilimin ƙasar Hausa kan fari ba sabo ba ne: tsofaffi sun raɗa wa yunwar 1914 suna Kakalaba, kuma a Kaita ne masanin nan Michael Watts ya yi binciken da ya zama littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Najeriya. Masanin da zai zo da sabon bayani, dole ya fara da sauraren wanda ke ƙasa.

Wa zai haɗa su?

Kayan aikin suna nan. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya ratsa, kuma tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ke tallafa wa jihohin Arewa 19 da Abuja. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malaman gona 722 domin mazaɓu 361 na jihar. A Zariya akwai cibiyar NAERLS da aka kafa don ta zama gada tsakanin bincike da gona.

Abin da ya rage shi ne a mayar da haɗuwar ta zama al'ada, maimakon taron bita na yini biyu a otal. Da zarar hasashe ya fito, jami'an NiMet da malaman jami'a da hukumar KTARDA da editocin rediyo da wakilan manoma da makiyaya, maza da mata, su zauna su amince da kalmomi guda, su rarraba bayanin ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, su 34. A ware lokaci tsayayye a rediyo daga bazara zuwa kaka, inda manomi zai buga waya ya tambaya. Bayan girbi kuma masana su dawo su faɗi inda hasashensu ya dace da inda ya kauce.

Kuɗin wannan aiki bai kai na sake shuka a ƙaramar hukuma ɗaya ba. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma lokacin da bayani ke da amfani ga manomi shi ne makonnin da iri ke hannunsa bai kai ƙasa ba.